Ra'ayinmu: Yini Ɗaya a Unguwar Bankunan Landan

Duk shekara mutanenmu da yawa suna zuwa Landan. Wasu jinya ce ke kai su, wasu bikin kammala karatun 'ya'yansu, wasu taro, wasu kuma hutu kawai. Idan aka samu sararin kwana ɗaya ko biyu, hanyar da ake bi sananniya ce: titin Oxford domin sayen tsaraba, ƙofar fadar Buckingham domin ɗaukar hoto, gidajen abincin Larabawa a Edgware Road, matasa kuma su nufi filin ƙwallon Arsenal ko na Chelsea. Kaɗan ne ke hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa su sauka a tashar Bank, su yini a tsohon garin da Turawa ke kira City, inda bankuna da kamfanonin inshora suka kafa sansani fiye da shekaru 300. Shin wurin ya cancanci lokacin baƙo da guzurinsa, musamman baƙon da ya fito daga ƙasar da Ingila ta mulka? Akwai masu cewa ya cancanta, akwai masu ganin babu abin da zai kai mutum mai kishin kansa can, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Unguwar ƙarama ce ƙwarai. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 3 ba, mai ƙarfin ƙafa zai ratsa ta daga gabas zuwa yamma cikin kamar rabin sa'a. Ƙidayar 2021 ta nuna masu kwana a cikinta ba su kai 9,000 ba, amma a ranakun aiki fiye da mutum rabin miliyan ke kwararowa da safe su watse da yamma. Tana da magajin garinta daban da na Landan baki ɗaya, da 'yan sandanta, da majalisarta, kuma a zaɓen wannan majalisa har kamfanoni suna da ƙuri'a gwargwadon yawan ma'aikatansu. A nan Rumawa suka kafa garin tun kusan shekaru 2,000 da suka shige, guntayen ganuwarsu na nan tsaye kusa da Tower Hill.

Masu goyon bayan ziyarar sukan fara da batun aljihu, kuma suna da gaskiya. Landan gari ne mai cin kuɗi, ga darajar naira yadda ta koma, amma yawancin abin kallo a wannan unguwa kyauta ne. Gidan tarihin Babban Bankin Ingila ba a biyan ko sisi. A ciki akwai sandar zinariya ta gaske mai nauyin kusan kilo 13, an sa ta a akwati mai rami yadda baƙo zai zura hannu ya ɗaga ta. A ɗakunan ajiya da ke ƙarƙashin ginin kuwa akwai irinta kusan 400,000, galibinsu amanar gwamnatin Birtaniya ce da ta bankunan wasu ƙasashe. Hawa dogayen benayen Sky Garden da Horizon 22, inda ake hango garin da kogin Thames daga sama, shi ma kyauta ne matuƙar an nemi gurbi ta intanet da wuri. Kasuwar Leadenhall mai rufin ƙarfe da gilashi, ginin 1881, a buɗe take ga kowa.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan nauyi. Sun ce a 'yan lungunan nan mutum zai ga inda abubuwan da ke juya tattalin arzikin duniya a yau suka yi rarrafe. A watan Satumban 1666 gobara ta tashi daga wani gidan burodi a Pudding Lane, ta yi kwana huɗu tana ci, ta laƙume gidaje fiye da 13,000 da majami'u 87. Asarar da aka tafka ce ta sa cikin shekarun 1680 aka fara kafa kamfanonin inshorar gobara, kuma hasumiyar tunawa da gobarar, mai matakala 311, tana nan ana hawa. Kafin haka, a 1652, an buɗe shagon gahawa na farko a Landan a wani lungu mai suna St Michael's Alley. Abin shan ya zo ne daga ƙasashen Musulmi ta hannun masu fatauci da daular Turkawa, kuma shagunan gahawar nan su ne suka zama majalisun 'yan kasuwa. A shagon Edward Lloyd, wajen 1688, masu jiragen ruwa suke haɗuwa da masu kuɗi. Mai jirgi ya rubuta kayan da ya ɗauka da inda za shi, masu kuɗi su sa hannu a ƙasan takardar, kowa ya ɗauki alhakin wani kaso na asarar idan jirgi ya nutse, a biya shi ladansa. Daga nan kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali. A shagon Jonathan kuma, tun 1698 ake fitar da jerin farashin hannayen jari. Babban Bankin kansa an kafa shi ne a 1694 domin ranta wa Sarki William na Uku fam miliyan 1.2 ya yi yaƙi da Faransa, bisa sharaɗin majalisar dokoki ta ware harajin da za a riƙa biyan masu bashin.

A nan akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye. Ɗan kasuwar Kano ba ya buƙatar Bature ya koya masa ciniki bisa amana. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kasuwar Kurmi take ci, kuma fataken goro sun daɗe suna kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja bisa bashi da lamunin masu masauki da dillalai. Rubuta bashi da kai ƙara gaban alƙali duk muna da su. Abin da Landan ta ƙara shi ne hanyar raba asara tsakanin mutane da yawa, da gwamnatin da doka ta ɗaure ta biya bashinta, da kamfanin da ba ya mutuwa idan mai shi ya mutu. Bankin Hoare da ke Fleet Street an kafa shi a 1672, har yau yana hannun zuriyar wanda ya kafa shi. A wurinmu gidajen kasuwanci irin na Alhassan Dantata, da suka kai ga jikoki da tattaɓa kunne, ana ƙirga su da yatsu. Galibi dukiya takan watse bayan rabon gado, ba don rabon gado laifi ne ba, sai don babu littafin lissafi, babu kuma tsarin da zai bar magada su riƙe kasonsu a matsayin hannun jari maimakon a sayar da shago a raba kuɗin. Hatta kurakuran unguwar abin karatu ne. A 1720 jama'a suka yi rububin sayen hannun jarin kamfanin South Sea, farashi ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni, sannan ya rikito ya talauta dubban gidaje. Duk wanda ya tuna yadda MMM ta rufta da kuɗin mutane a ƙarshen 2016 zai gane fuskar abin.

Masu adawa su ma ba su zo hannu rabbana ba. Ƙorafinsu mafi sauƙi shi ne cewa ainihin abin da ake zuwa gani ba ya nan. Tun daga sauye-sauyen ranar 27 ga Oktoban 1986 cinikin hannun jari ya koma kan allon kwamfuta, dandalin da dillalai ke cincirindo ya mutu. Ginin Royal Exchange, wanda Sarauniya Elizabeth ta Farko ta buɗe na farkonsa a 1571, yanzu kantunan agogo da kayan ado ne masu tsadar gaske. Ginin Lloyd's ba a barin baƙo ya shiga haka kawai. Manyan bankuna da dama sun koma Canary Wharf. Ranar Asabar da Lahadi kuwa unguwar shiru take, gidan tarihin bankin ma a rufe. Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma maganinsa bai wuce zaɓen ranar aiki da sanin abin da za a tarar ba.

Na biyu ya fi taɓa zuciyar Musulmi. Dukiyar wannan unguwa, in ji su, an gina ta ne a kan kuɗin ruwa, kuma haramcin riba ba abu ne da ake jayayya a kansa ba. Mene ne amfanin mutum ya ɗauki ƙafa da iyalinsa ya je yana sha'awar gidan da aka raini abin da addininsa ya hana?

Na uku shi ne mafi ɗaci, kuma dole a tsaya a kansa. A Leadenhall Street ne kamfanin Royal African, wanda aka sabunta izininsa a 1672 ƙarƙashin jagorancin ƙanen sarki, yake da ofishinsa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa babu wani kamfani guda da ya kai shi yawan 'yan Afirka da aka tsallaka da su teku a matsayin bayi. Zinariyar da aka buga tsabar gini da ita tun 1663 daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso ta. Kamfanin South Sea da muka ambata, kwangilar kai bayi yankunan Sifaniyawa a Amurka tana cikin jarinsa. Masu inshorar shagon Lloyd sun yi wa jiragen bayi inshora, har da mutanen da ke ɗaure a cikinsu, a sahun kaya. A zauren Guildhall, fadar magajin gari, aka saurari shari'ar jirgin Zong a 1783. Ma'aikatan jirgin, wanda ya taso daga gaɓar Ghana ta yau, sun jefa fiye da mutum 130 cikin teku a 1781, masu jirgin kuma suka nemi inshora ta biya su kuɗin kowane kai. Abin da kotu ta duba shi ne wa zai ɗauki asarar kuɗin. Ba a taɓa gurfanar da kowa bisa laifin kisan kai ba, duk da ƙoƙarin Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya taɓa zama bawa, da abokinsa Granville Sharp.

Ko da aka soke bautar a dokar 1833, gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 20, kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da take kashewa a shekara, ta biya diyya. Masu bayin aka biya. Waɗanda aka bautar ba a ba su ko anini ba. A wannan unguwa aka haɗa rancen fam miliyan 15 na biyan diyyar a 1835, Babban Bankin Ingila ya raba kuɗin, kuma sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ya gama biyan ragowar takardun bashin da wannan rance ya narke a cikinsu. Bankin da kansa ya bayyana a 2022 cewa a shekarun 1770 ya mallaki gandaye biyu a tsibirin Grenada da bayi 599, bayan wani da yake bi bashi ya kasa biya.

Daga nan labarin ya iso ƙofar gidanmu. Kamfanin Royal Niger na George Goldie ya samu izinin sarauta a 1886, kuma da gwamnati ta karɓe mulki daga hannunsa a 1900 ta biya shi fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin haƙar ma'adinai na wani babban yanki na Arewa. Kamfanin Lever ya saye shi a 1920, daga haɗakarsa da wani kamfani a 1929 aka samu UAC, kuma ginin Unilever, tsohuwar uwar UAC, yana tsaye a Blackfriars a bakin yammacin unguwar. Gyaɗar da ta fara malala daga Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1912, da kuzar Jos wadda kasuwar ƙarafa ta Landan ke yanke wa farashi, duk lissafinsu a wannan gari yake ƙarewa. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 a Landan take zaune, kuma ba ta fitar da sule a Kano ko Kumasi sai an ajiye madadinsa da fam a Ingila. Rarar da hukumomin sayen amfanin gona suka tara bayan yaƙin duniya na biyu, ta hanyar biyan manomi ƙasa da farashin duniya, an zuba kaso mai tsoka daga cikinta a takardun bashin Birtaniya. Wato gumin manomin gyaɗa ya ranta wa mai mulkinsa kuɗi, a lokacin da garinsa ba shi da asibiti.

Ba a kuma tsaya a tarihi ba. A 2001 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta gano cewa kimanin dala biliyan 1.3 masu alaƙa da iyalan marigayi Janar Sani Abacha da makusantansu sun bi ta asusu 42 a bankuna 23 na ƙasar tsakanin 1996 da 2000, kuma 15 daga cikin bankunan suna da rauni babba wajen bincikar asalin kuɗi. A 2012 wata kotun Landan ta ɗaure tsohon gwamnan Delta, James Ibori, shekaru 13 bayan ya amsa laifin halatta kuɗin haram, kuma lauya da masu kula da dukiya na can suna cikin waɗanda suka share masa hanya. Masu adawa suna tambaya: wanda ya san duk wannan, da wane ido zai tsaya ya ɗauki hoto yana murmushi a gaban ginshiƙan bankin?

Mun auna hujjojin nan, kuma ba mu ga cewa ɗaya ta rushe ɗaya ba. Duka biyun suna bayanin wuri guda ne. Dabarar raba asara da ta ba ƙaramin ɗan kasuwa ƙarfin halin aika kaya ƙetare, ita ce ta sa mai jirgin bayi ya kwana da kwanciyar hankali. Wanda ya yaba dabarar ya rufe ido ga abin da aka yi da ita ya yi ƙaryar rabi, haka ma wanda ya la'anci wurin ya ƙi koyon yadda yake aiki ya cuci kansa.

Game da riba, hukuncin fiƙihu na malamai ne, ba na jarida ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne ziyarar neman sani daban take da ƙulla ciniki, kuma ƙauracewar baƙo ba ta rage wa Najeriya ko kwabo daga kuɗin ruwan da take biya. Tun 2011, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara sayar da takardun bashi na dala miliyan 500 a kasuwar duniya, a kasuwar hannayen jarin Landan ake rajistar irin waɗannan takardu. Talakan da bai taɓa hawa jirgin sama ba yana biyan wannan bashi ta harajinsa da tsadar kayan masarufi. Al'ummar da ke cikin wannan hali tana buƙatar 'ya'yan da suka fahimci yadda ake ƙulla bashin da yadda ake sa masa farashi. Ya kamata kuma a sani cewa unguwar ba ta rufe ƙofarta ga tsarin kuɗi na Musulunci ba. A 2014 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko a wajen duniyar Musulmi da ta fitar da sukuk na gwamnati, na fam miliyan 200, shekaru uku kafin Najeriya ta fitar da nata na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. A ƙarshen 2021 Babban Bankin Ingila ya buɗe wa bankunan Musulunci asusun ajiya marar kuɗin ruwa. Neman kasuwa ne ya kai su, ba tsoron Allah ba, amma ga masu aiki a bankuna irin Jaiz akwai abin dubawa a can.

Game da bauta kuwa, adalci ya wajabta mana faɗin abin da ba mu cika son faɗa ba. Ƙasar Hausa ma ta yi cinikin bayi, an sayar da mutane a kasuwanninmu, an tsallaka da wasu Sahara, an gangara da wasu kudu zuwa bakin teku. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da aka kama aka kai gonar taba a Maryland, wanda wasiƙarsa ta Larabci ta kai shi Landan a 1733 har ya samu 'yanci ya koma gida a 1734, shi ma sayar da bayi ya kai shi bakin kogin Gambiya inda aka kama shi. Faɗin haka ba ya wanke Landan, domin girman abin da ta yi da yadda ta mayar da shi sana'a mai littafi da inshora ba su da tamka. Amma yana hana mu shiga unguwar da alfaharin wanda hannunsa bai taɓa ƙazanta ba. Kuma a cikin lungunan nan dai aka fara yaƙar cinikin. A wata maɗaba'a da ke George Yard, daf da Lombard Street, mutum 12 suka zauna a watan Mayun 1787 suka kafa ƙungiyar da ta yi fafutuka har majalisa ta haramta fataucin bayi a 1807. A majami'ar St Mary Woolnoth, 'yan taku kaɗan daga tashar Bank, John Newton, tsohon kyaftin ɗin jirgin bayi da ya tuba, ya yi limanci yana ƙarfafa wa William Wilberforce, ɗan fafutukar hana cinikin bayi, gwiwa.

Haka batun shari'a yake da fuska biyu. A Landan ne wani kwamitin sasanci ya yanke a 2017 cewa Najeriya ta biya kamfanin P&ID dala biliyan 6.6 kan kwangilar iskar gas da ba a aza ko tubali ba, kuɗin da ruwa ya kumbura har ya haura dala biliyan 11. A Landan ɗin dai, a kotun kasuwanci da ke Fetter Lane cikin wannan unguwa, mai shari'a Robin Knowles ya yanke a Oktoban 2023 cewa da zamba da cin hanci aka samu hukuncin, daga bisani ya rushe shi. Wanda ya ce babu komai a garin sai zalunci, wannan shari'a ta ƙaryata shi. Wanda kuma ya ce komai nasu tsaf yake, sai ya tuna cewa saura ƙiris a kwashe wa ƙasa matalauciya kaso mai yawa na asusunta na ƙetare ta hanyar da doka ta amince da ita.

Inda muke ganin masu adawa sun fi ƙarfi shi ne a kan yadda unguwar ke ba da labarin kanta. Gaskiya ne an samu sauyi. A 2020 Lloyd's da Babban Bankin Ingila sun nemi afuwa kan alaƙarsu da bauta, daga baya bankin ya sauke hotunan wasu tsofaffin shugabanninsa, kuma tun 2008 akwai abin tunawa da waɗanda aka bautar a lambun Fen Court, wanda Desmond Tutu ya buɗe. Sai dai majalisar unguwar, bayan ta amince a farkon 2021 za ta cire mutum-mutumin William Beckford da na John Cass, masu alaƙa da bauta, daga Guildhall, ta sauya shawara ta bar su da allunan bayani. Neman afuwar ma bai zo da diyya ba. Kuma abin da aka amsa ya fi karkata ga bautar da aka soke kusan shekaru 200 da suka wuce, wadda babu mai kare ta a yau. Labarin gyaɗa da kuza da hukumar kuɗi, da na dukiyar sata da ta shigo a zamaninmu, baƙo ba zai tarar an shimfiɗa masa shi a bakin titi ba. Wanda ya bi ɗan rakiya ba tare da ya karanta komai ba, zai iya komawa masauki da labarin gobara da gine-gine da zinariya kawai.

Hukuncinmu shi ne ziyarar ta cancanta, bisa sharaɗi. Ba mu ce wani ya nemi biza ya sayi tikiti domin ita kaɗai ba, wannan almubazzaranci ne a halin da ake ciki. Amma wanda wata buƙata ta riga ta kai shi Landan, yini ɗaya a wannan unguwa ya fi masa amfani bisa yini na uku a kantuna, kuma idan da yara masu hankali a tare da shi, su ne suka fi dacewa a kai. Sharaɗin shi ne ya je da karatunsa. Ya zaɓi ranar aiki, ya fara da gidan tarihin bankin a Bartholomew Lane, ya ɗaga sandar zinariyar idan yana so, amma ya tambayi ma'aikata labarin gandayen Grenada. Ya bi Lombard Street ya leƙa George Yard, ya ratsa Leadenhall Street yana sane da ofishin da ya taɓa zama a can, ya tsaya a Fen Court, ya je Guildhall da shari'ar Zong a ransa. Idan azahar ta yi, babban masallacin Gabashin Landan da ke Whitechapel tafiyar ƙafa ce kaɗan daga Aldgate, kuma hanyar da kanta darasi ce, domin tana fita daga inda dukiya ta taru ta shiga ɗaya daga cikin yankunan da talaucin yara ya fi ƙamari a Birtaniya.

Wannan karatu bai kamata a bar wa baƙo shi kaɗai ba. Ofishin jakadancin Najeriya a Landan, da ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Birtaniya, da sassan tarihi na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, za su iya haɗa hannu su fitar da ɗan littafin rakiya da Hausa, mai taswira, wanda zai haɗa kowane gini da abin da ya faru a ƙasarmu saboda shawarar da aka yanke a cikinsa. Takardun da ake buƙata suna nan: na mulkin mallaka a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, na UAC kuma a ma'ajiyar Unilever da ke Port Sunlight. Littafin zai amfani ɗalibin da ba zai taɓa zuwa Landan ba kamar yadda zai amfani matafiyi, kuma masu binciken da za su rubuta shi su ne za su iya sa alluna irin waɗannan a Kurmi, da filayen da dalar gyaɗa ta tsaya a Kano, da tsofaffin gine-ginen bankuna na Marina da Broad Street a Legas, kafin masu rusau su riga su.